Ɗakin da Ba a Shiga da Ƙarfe

4 ga Mayu

Yaya Kafinta,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kana lafiya, da uwar yara da yara baki ɗaya. Ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Kawu, ya kai haske kabarinsa. Ni ma lafiyata ƙalau, sai aiki da ya sha mini kai a nan cibiyar bincike.

Ba zan ja zance ba, don lokaci ya ƙure mini. A cikin ambulan nan akwai takarda guda mai layi uku. Ka sa hannu a ƙasa, ka rubuta kwanan wata, ka mayar mini da ita da motar gidan waya ta farko. Na kira wayarka har sau shida ba a ɗauka ba, shi ya sa na koma biro da takarda kamar zamanin kakanni.

Abin da takardar ke cewa shi ne, ranar tara ga Maris, daga sha ɗaya na safe zuwa sha biyu, ba wanda ya shiga ɗakin awon Kawu, kuma ba wani ƙarfe da ya kusance shi, don ƙarfe kan ruɗa na'urar da ke ciki. Shi ke nan. Kai ke riƙe da makullin ɗakin tun da Kawu ya fara ciwo, kai ke ciro katin da na'ura ke adana awo a ciki kana aiko mini kowane wata, saboda haka hannunka ake so.

Na san za ka ce mene ne abin gaggawa. To saurara, zan sassauta maka bayanin. Rana ba haske kawai take aiko mana ba. Akwai wata iska da ke kwararowa daga gare ta kullum, mai tsananin zafi, ƙwayoyinta a rarrabe suna ɗauke da caji. Mu filasma muke ce mata. Tana tafe da nata maganaɗisu, duniyarmu kuma tana da nata da ya lulluɓe ta yana kare ta. In suka yi karo can sama, wannan ya fuskanci kudu wancan ya fuskanci arewa, sai layukan maganaɗisun su tsinke, guntun na rana ya ƙullu da guntun na duniya. Nan take ƙofa ta buɗe, ƙarfin rana ya kwararo ciki. Wannan tsinkewa da sake ƙulluwa, shi nake bi shekara bakwai ke nan.

Ranar tara ga Maris, sha ɗaya da minti ashirin a agogonku, tauraron ɗan'adam da muke aiki da shi ya ratsa daidai wurin da layukan suka tsinke, ya auna komai. Bayan minti uku sai na'urar Kawu ta motsa, wannan tsohuwar na'urar awon maganaɗisu da ke bayan gidanku. Layin awonta ya tashi a hankali, ya tsaya minti goma sha ɗaya, ya sauka. Yaya, irin wannan sawu a can ƙuryar arewa da ƙuryar kudu ta duniya ake ganinsa, ba a wuri irin namu ba. Ni na fara gani. Na rubuta maƙala, masu tantancewa na mujalla sun karanta sun yaba, abu ɗaya kawai suka nema, wato shaidar mai kula da ɗaki.

Kwantiragina a nan zai ƙare a Satumba. Farfesanmu ya gaya mini ido da ido cewa in maƙalar ta fito kujera tawa ce, in ba ta fito ba in nemi wani wuri. Ka ga ke nan ba wasa nake ba.

Kada ka tsaya dogon nazari, layi uku ne.

'Yar Gwaggonka


19 ga Mayu

Dakta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, takardarki ta iso ranar Talata, na karanta ta tun daga sama har ƙasa, yadda aka koya mana karanta wasiƙa.

Tunda kin tambayi lafiyarmu a layi ɗaya, bari in amsa miki. Uwar yara ƙafarta ta kumbura, sati biyu ba ta taka ta sosai, amma da sauƙi. Babbar 'yata ta ci jarrabawa. Ni kuma zarto ya ɗan taɓa mini babban yatsa, ya warke. Gwaggo, mahaifiyarki, ta zo ta yi mana kwana uku, ta ce rabonta da jin muryarki tun kafin rasuwa. Rufin ɗakin kwanan Baba ya fara yoyo, na gyara. Ban sani ba ko kin iso wannan layin, ko tuni kin tsallaka ƙasa neman sa hannu. In haka ne kada ki wahalar da idonki, ban sa ba. Ga takardarki nan na mayar miki fara fat yadda ta zo.

Na gode da darasin da kika sassauta mini, sannu da ƙoƙari. Shekara talatin da ɗaya Baba ya yi yana kula da ɗakin nan. Tun ba ki san damanki da hagunki ba nake jin zancen iskar rana a wurin cin abinci, har ya fita mini a kai. Ni na sake wa ɗakin ƙofa da hannuna, babu ƙusar ƙarfe ko ɗaya a jikinta, turakun katako ne da kwaɗon tagulla. Kin manta duwatsun da Baba ya jera ya shafa musu farin fenti, taku talatin daga ƙofa? Kin manta kwandon da ke rataye a bakin duwatsun, inda kowa ke zuba makulli da agogo da bel kafin ya tsallaka? Ranar da kika shiga da fil a ɗankwali ai kin tuna abin da ya biyo baya, kwana biyu bai ce miki uffan ba. Mahaifiyarki da Baba 'ya'yan wa da ƙani ne kawai, ba wanda ya yi masa dole, amma shekara huɗu kika yi a gidan nan kina makaranta, kuma a ɗakin nan ya fara nuna miki yadda allurar maganaɗisu ke rawa. Yau ni za a aiko wa bayanin maganaɗisu a sassauce?

Takardarki ta ce ba ƙarfen da ya kusanci ɗakin ranar tara ga Maris. Ba zan sa hannu a kan wannan ba, yau ko gobe. Dalili kuwa na riga na gaya miki shi, a rubuce, da wannan hannun. Ba na maimaita magana ga wanda bai saurara ba tun farko.

Batun waya kuma, lafiyarta ƙalau. Ina ganin lambarki.

Katin wannan wata zai zo a nasa ambulan kamar kullum.

Ɗan Kawunki, kafinta


3 ga Yuni

Yaya,

Ina gaisuwa. Allah ya ƙara wa uwar yara sauƙi, ya yi wa 'yarka albarka. Ka gani, na karanta.

Haba! Wata guda cur ina leƙa akwatin wasiƙu safe da yamma, ƙarshenta farar takarda da baƙar magana? Wallahi da na buɗe ambulan a ofis sai da na rafka salati don takaici, har abokiyar aikina ta tambaye ni ko wata rasuwar aka sake yi.

Ba ka gaya mini komai ba. Yaushe? A ina? Na bincike saƙonnin wayata kaf, babu. In kana da magana ka fito fili ka faɗe ta kamar namiji, ka daina yi mini kwana-kwana.

Ni na san abin da ke cinka. Ban zo jana'iza ba. To, ban zo ba! Ina wurin taro a wata ƙasa labari ya same ni, an riga an binne shi, me zuwana zai ƙara? Na yi kukana ni kaɗai, ba sai na yi shi a gabanka za a yarda na yi ba. Kuma ba yau ka fara jin haushina ba. Tun ranar da Kawu ya ce ni ce mai kan lissafi a gidan, kai ka je ka koyi sana'a, ka ƙulla ni a zuciya. Yanzu wuyana ya shigo hannunka, ka ga abin murɗewa.

Bari in nuna maka abin da kake wasa da shi. Tauraron ya ga filasma tana fita da gudu daga wurin tsinkewar, ɗaruruwan kilomita a daƙiƙa ɗaya, da ya tsallaka ɗaya gefen kuma ya ga ta juya tana gudu ta can. Wannan ita ce alamar da ba ta ƙarya. Lissafina ya ce girgizar za ta iso ƙasa cikin kimanin minti uku, kuma cikin minti uku na'urar Kawu ta amsa. Na maimaita lissafin nan ya fi sau arba'in. Na san sawun ƙarfe, ba yau na fara aikin nan ba. In mutum ya gifta da fartanya ko babur, layi zabura yake yi ya faɗo. Wannan kuwa sumul ya tashi, sumul ya sauka. Akwai ma wani ɗan tsalle a tsakiyarsa, bai kai rabin minti ba, wanda na yi wa bayani shafi biyu cur, Farfesa ya ce nan ne ya fi burge shi.

Sai dai in kai ka yi ɓarna kake ɓoyewa. Ka shiga da guduma a aljihu? Ka jingine akwatin kayan aikinka a bango ka manta? In haka ne ka faɗi, ka daina laɓewa a bayan mamaci.

Sunan Kawu na sa a shafin farko na maƙalar. Shekara talatin da ɗaya yana aune-aune, ba wanda ya san da zamansa. Wannan ne karon farko da za a ji sunansa a wajen unguwarku. In ka kashe maƙalar nan, ba ni kaɗai ka cuta ba.

Na sake sa maka takardar. Mujalla ta ba ni zuwa ƙarshen Yuni. In ba ta dawo da hannunka ba, ina da hanyar da zan bi, kuma ba za ka ji daɗinta ba.

'Yar Gwaggonka


18 ga Yuni

Dakta,

Sallama. Muna lafiya. Uwar yara ta fara takawa har bakin ƙofa. Ruwa ya karya gadar da motar gidan waya ke bi, sai ta ga dama take zuwa, saboda haka ban san ranar da wannan za ta same ki ba.

Sau uku ina fara rubuta miki amsa ina yagawa, don abin da ke fitowa daga bakin biron bai kamata ɗan'uwa ya aika wa 'yar'uwa ba. Kamar namiji, ko? Guduma a aljihu? Ni? Ni da ko maɓallin wandona sai na duba kafin in tsallaka duwatsun nan? Lallai karatu ya yi miki rana.

Zancen jana'iza ban taɓa buɗe baki na yi shi ba, ke kika ɗauko. Tunda kin ɗauko, ki ji. Ba jana'izar ce ta ƙona mini rai ba, mamaci ba ya ƙirga waɗanda suka zo. Wata biyar ɗin da ya yi a kwance su ne. Duk ƙarshen wata in na dawo daga gidan waya sai ya ɗago kai ya ce, "Ta amsa?" Ni kuma in ce, "Aiki ya yi mata yawa, Baba, ta ce a gaishe ka." Sau biyar na yi wa mahaifina ƙarya a kan gadon ciwo saboda ke. Wannan ne ke cina, in kina son sani.

Hassada kuwa, ki kwantar da hankalinki. Na gode wa Allah da zartona. Kujerar da na yi yau, gobe wani zai zauna a kai ya ji daɗi, kuma ba Farfesan da zai ƙwace mini ita a Satumba.

Yanzu ga magana. Wata goma sha huɗu ke nan ina aiko miki kati. Kowane kati a naɗe yake cikin wasiƙa, don Baba ya ce ba a aika wa ɗan'uwa kaya babu gaisuwa. Wasiƙa goma sha huɗu, ba ki amsa ko ɗaya ba. Da na ɗauka rashin lokaci ne. Sai da na ga kin rubuta wai ban gaya miki komai ba, sannan na gane. Zare katin kike yi ki jefar da takardar, kamar mai ɓare alewa.

In ba ki zuba su a shara ba, ki nemo ambulan da ya kawo katin Maris. Shafi na biyu. Ba zan sake rubuta abin da ke ciki ba, sau ɗaya na iya, shi ma da ƙyar. A littafin shiga da ficen ɗaki ma an rubuta, amma ku masu kwamfuta ai kun daina tambayar littafi.

Sunan Baba kuma ki cire shi daga takardarki. Mutumin da bai taɓa rubuta lambar da bai gani da idonsa ba, ba za a liƙa sunansa a kan wannan ba ina raye.

Takardarki mai layi uku na ba 'yata tana lissafi a bayanta.

Ɗan Kawunki


27 ga Yuni

Kafinta,

Ina fata kuna lafiya. Kwana ashirin da huɗu ke nan ko layi ɗaya ban gani daga gare ka ba. To madalla. Shirun ma na ji abin da yake cewa.

Na gama roƙonka. Shekaranjiya na rubuta wa ofishin da ke kula da tashoshin awo. Na gaya musu mai riƙe da makullin ɗakin Kawu ya ƙi ba da haɗin kai, ba shi da horon aikin, kuma ba wanda ya san abin da yake yi a ciki. Na ba da shawara a karɓi makullin a ba malamin kimiyya na makarantar sakandaren da ke kusa da ku. Shi zai duba littafin ɗaki ya sa mini hannu. Farfesa ya roƙar mini ƙarin sati uku a wurin mujalla.

Ɗakin ba gadonka ba ne, na ofis ne, ƙasar kawai ce taku. Kada ka ce ban yi maka kashedi ba. Kuma kada ka je ka cika wa mahaifiyata kunne, ba ruwanta a ciki.

Kai ka jawo.

'Yar Gwaggonka


6 ga Yuli

Yaya,

Ina gaishe ka. Ya ƙafar uwar yara? Ya yatsanka? Ya yara? Ina tambaya ne don ina son in ji.

Wasiƙarka ta sha takwas ga Yuni sai jiya ta iso, duk ta jiƙe ta bushe. Ta yi saɓani da tawa, wadda na san ta riga ta same ka.

Ban zubar da su ba. Suna cikin durowar ƙasa ta teburina, ƙarƙashin tsofaffin wayoyin caji. Na zazzage su a kan tebur na ƙirga, goma sha huɗu, kowace a naɗe yadda ka naɗe ta, da ramin kati a tsakiya. Ko warware su ban taɓa yi ba. Na nemo ta Maris. Tunda ka ce ba za ka sake rubutawa ba, ni bari in rubuta da hannuna, ko zai shiga kaina:

"Yanzu ga saƙon Baba, shi ya ce lallai in rubuta miki. Ranar tara ga wata, kwana uku kafin ya cika, ya tashi da ɗan ƙarfi, ya ce a kai shi ya ga ɗakinsa. Ƙafa ta riga ta daina ɗaukarsa, goyo kuma ba ya yiwuwa, in an ɗaga shi ciwon bayan har ihu yake sa shi. Sai a keken guragun da asibiti suka ba mu, wanda ƙarfe ne tun daga taya har mariƙi. Da muka isa duwatsu na tsaya. Ya ce daga nan ba ya ganin komai, ido ya yi rauni. Sai ya ce in tura. Da kansa ya kwance agogonsa ya miƙo mini in sa a kwando, alhali a kan ƙarfe yake zaune, na rasa dariya zan yi ko kuka. Na tura shi a hankali saboda yashi, muka tsaya taku goma daga ƙofa, na buɗe masa ita ya hango na'urar a kan ginshiƙinta. Da muka dawo wurin kwando ya ce in duba agogo in rubuta a littafi, in kuma rubuta miki cewa daga sha ɗaya da minti ashirin da uku har muka fito, ki soke awon. Ya ce a gaya miki ba sama ba ce, shi ne."

Na karanta a tsaye, na sake karantawa. Wata uku saƙon nan yana cikin durowata, gwiwata tana gogar ta kullum, ni kuwa ina can ina lissafin abin da ke faruwa kilomita dubu sittin a sama.

Amma kai ma mugu ne, Yaya, wannan ba zan fasa faɗa ba. Layi ɗaya da ka rubuto mini tun a Mayu, da ban kai nan ba. Ka zauna kana kallona ina zurmawa, kana sassaƙa magana. Na san na cancanci fiye da haka. Duk da haka mugunta ce.

Yau da safe na janye maƙalar. Na shiga ofishin Farfesa na gaya masa sawun da na gani na keken guragu ne. Ya cire tabarau ya dube ni, ya ce in maimaita, na maimaita. Bai yi faɗa ba. Ya ce gara yanzu da bayan an buga, sannan ya ce na san dai yadda muka yi game da Satumba. Na ce na sani. Abin da tauraro ya gani yana nan daram, layuka sun tsinke sun ƙullu a ranar, amma wannan wasu ma sun gani. Nawa na kaina shi ne sawun ƙasa, kuma babu shi.

Na buga wa ofishin tashoshi waya in janye ƙorafina, suka ce takarda ta riga ta fita zuwa wurin malamin. Na rubuta musu cewa ƙarya na yi maka, da wannan kalmar, na sa hannu. Ban san ko zai yi amfani ba.

Na buga layin awon a takarda babba, ga kwafi nan na sa maka. Tun safe nake kallonsa. Yanzu ina iya karanta shi. Ga inda kuka tsallaka duwatsu. Ga minti ukun da ka yi kana fama da yashi. Ga inda kuka tsaya, minti goma sha ɗaya. Ga komawarku. Ba ni da hotonsa na ƙarshe, ba ni da muryarsa, wannan kaɗai gare ni.

Abu ɗaya ne ban gane ba, kuma ba ya cikin wasiƙarka. Ɗan tsallen nan na tsakiya, a minti na bakwai. Me ya faru a nan? Ba don maƙala nake tambaya ba, maƙala ta mutu. In ka ga dama ka gaya mini.

Sauran sha ukun ma na karanta su.

'Yar Gwaggonka


22 ga Yuli

'Yar Gwaggo,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Uwar yara ta warke har ta koma kasuwa. Yatsana ba abin da ya rage sai tabo. An gyara gada. Gwaggo ta ce kin kira ta kun yi awa guda, ta zo tana ba ni labari kamar an yi mata kyautar mota.

Wasiƙunki biyu sun iso, mai zafin da mai sanyin. Mai zafin ta riga, kuma ba ita kaɗai ta zo ba. Ranar Litinin ta makon jiya malamin kimiyya ya zo da takardar ofis mai hatimi. Da babur ya zo, ya nufi ɗakin kai tsaye, sai da na tare shi da gudu a bakin duwatsu. Na sa shi ya kwance bel, ya ajiye waya da makullin babur a kwando, yana kallona kamar mahaukaci. Na buɗe masa littafi ya karanta na ranar tara ga Maris, ya ce shi ma ba zai sa hannu ba. Amma takarda takarda ce. Ya miƙo hannu, na ba shi makullin. Ban yi gardama ba, don ba a ɗaga murya a gaban ɗakin nan. Ya ce in ofis ya sake rubutowa zai dawo mini da shi. Har yau ba su rubuto ba.

Saboda haka yanzu ƙofar da na sassaƙa da hannuna, daga bayan duwatsu nake hango ta. Kada ki girgiza ambulan nan, babu kati a ciki, malamin ne zai riƙa aiko miki. Takarda ce zalla.

Kin ce ni mugu ne. Wataƙila. Na so ki buɗe durowar da kanki, ban yi zaton za ki riga ki kai ni ƙara ba. Aikinki da ya tafi bai yi mini daɗi ba, kada ki ɗauka rawa nake. Amma kada ki jira in ce komai ya wuce, bai wuce ba, kuma ni ba na rubuta abin da ban gani ba. A gidan nan muka koya, ni da ke.

Takardar layin da kika aiko na yi mata firam da ragowar katakon ƙofar, na rataye a ɗakin kwanansa. Uwar yara ta ce wannan wane irin zane ne, na ce hoton Baba ne.

Kin tambayi tsallen tsakiya. Ban sa shi a wasiƙar Maris ba don hannuna bai iya ba. Muna tsaye, ƙofa a buɗe, yana ta kallon na'urar. Can sai ya ce, "Ƙara mini taku ɗaya." Na ƙara. Ya miƙa hannu kamar zai taɓa ginshiƙin, alhali da saura nisa. Bai kai rabin minti ba ya janye hannun ya ce, "Ya isa, koma da ni baya. Yarinyar nan kaɗai ta rage mai karanta abin da ɗakin nan ke faɗa, kada in ƙara ɓata mata." Na ja keken ya koma inda yake.

Shafi biyu kika ce kin rubuta a kan wurin nan. Taku ɗaya ne, ni na tura shi.

Ɗan Kawunki, kafinta